A Kai Sikana Gidajen Masu Takardu Kafin Gara Da Ruwa Su Riga Mu

Ya Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kai da abokan aikinka kuna cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu domin in yi magana a kan wata ƙaramar na'ura wadda nake ganin ba mu ba ta muhimmancin da ya dace da ita ba, wato sikana mai shimfiɗaɗɗen gilashi, na'urar da ke ɗaukar hoton takarda ta shigar da shi cikin kwamfuta, irin wadda mutum zai iya sawa a jaka ɗaya da kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka. Maganata ɗaya ce. Kaso mai yawa na tsofaffin takardunmu yana gidajen mutane ne, kuma masu su ba sa yarda su rabu da su ko da na kwana ɗaya, saboda haka hanyar da ta rage mana ita ce na'urar ta je inda takardar take, a ɗauki hotonta a gaban mai ita, a mayar masa da abinsa kafin a tashi daga zama.

Ba na raina aikin da hukumomi suka yi. Tun a 1954 aka kafa hukumar adana takardun tarihi ta Nijeriya a ƙarƙashin jagorancin Kenneth Dike, kuma reshenta na Kaduna yana riƙe da fayilolin mulkin Arewa da rubuce-rubucen Larabci masu yawa. Akwai cibiyar Arewa House wadda Farfesa Abdullahi Smith ya jagoranci kafa ta a 1970, akwai hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da gidan tarihi na Jos, da abin da jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero suka tara, sannan a Yamai akwai rubuce-rubucen da Boubou Hama ya yi ɗawainiyar tattarawa. To amma duk wanda ya saba shiga zaurukan malamai a Zariya ko Katsina ko Kano ko Damagaram ya san cewa akwai gafakoki da adakoki da ba a taɓa ƙidaya abin da ke cikinsu ba: littattafan fiƙihu da nahawu da kakanni suka kwafa da hannu, waƙoƙin wa'azi da ajami, wasiƙun alƙalai da na sarakuna, da Alƙur'anai rubutun hannu. Haka kuma kowane gida, ko da ba na malamai ba ne, yana da takardun da rasa su babbar asara ce, kamar shaidar sayen gona wadda dagaci ya sa wa hannu, takardar rabon gado daga kotu, takardar mallakar fili, shaidar kammala makaranta, da takardun ɗaukar aiki da na ƙarin girma waɗanda ake nema ranar tantance 'yan fansho.

Abubuwan da ke cin waɗannan takardu ba baƙi ba ne a wurinmu. Gara tana aikinta a ɓoye, yoyon ɗaki yana sa takarda ta yi hunhuna ta manne da 'yar'uwarta, gobara kuwa ba ta barin komai. A watan Satumba na 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye unguwanni da yawa na Maiduguri, kuma takarda ba ta jure kwana a cikin ruwa. A watan Janairu na 2013 kuma mayaƙa sun ƙone rubuce-rubuce kimanin 4,000 a cibiyar Ahmad Baba da ke Tambutu, duk da cewa an riga an fitar da mafi yawan na garin a asirce zuwa Bamako. Littafin da aka buga dubbai a maɗaba'a, idan kwafi ɗaya ya lalace ana samun wani. Takardar da hannu ya rubuta guda ɗaya tak, idan ta tafi ta tafi ke nan.

Dalilin da ya sa na zaɓi wannan nau'in sikana shi ne yadda aka ƙera ta. Sikanoni masu gilashi iri biyu ne. Akwai masu amfani da fasahar da ake kira CCD, waɗanda ke da madubai da ruwan tabarau a ciki; suna da kauri da nauyi, kuma sai an jona su da wutar lantarki. Akwai kuma masu amfani da CIS, waɗanda idonsu yake dab da gilashin tare da ƙananan fitilu marasa zafi, shi ya sa suke da sirantaka da rashin nauyi, kuma wutar da suke ci ba ta wuce wat biyar ba, don haka wayar USB ɗaya ce take kai musu wuta daga kwamfuta ta kuma dawo da hoton. Jerin CanoScan LiDE na kamfanin Canon da Epson Perfection V39 duk irin wannan ne. Ma'anar wannan a wurinmu babba ce, domin matashi zai iya cajin kwamfutarsa da sola, ya hau babur zuwa ƙauyen da babu wuta, ya yi aikin sa'o'i ba tare da janareto ba. Abin da kawai zan tunatar shi ne, wasunsu suna da wani ɗan makulli da ke riƙe idon na'urar kada ya yi ta kai da kawowa a hanya. A kulle shi kafin a kama tafiya, a buɗe shi kafin a kunna.

Akwai kuma wata sa'a da muka yi wadda ba kowa ya lura da ita ba. Littattafan rubutun hannu na ƙasashenmu ba a ɗinke su ba, warƙoƙi ne a ware da ake tarawa tsakanin kwali biyu a sa a gafaka. Wannan ya sa sun fi kowane irin littafi dacewa da gilashin sikana, domin kowace warƙa tana kwanciya sosai ba tare da an danne ta ba, hasken ya bi ta daidai daga wannan gefe zuwa wancan, har ƙananan bayanan da malamai suke rubutawa a gefen shafi da tsakanin layuka su fito a fili. Amma wannan sa'ar tana tafe da hatsarinta, domin warƙar da ba a ɗinke ba tana da saurin barin mazauninta. Magabata sun yi maganin wannan ta hanyar rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabace ta, saboda haka wajibi ne mai ɗaukar hoto ya bar gefen takarda duka ya fito, kada ya yanke komai don neman hoton ya yi kyau, kuma ya ɗauki warƙa ɗaya, gaba da baya, ya kife ta a gefe bisa tsarin da ya same ta, sannan ya taɓa ta biyu. Idan ya tarar warƙoƙin sun riga sun hargitse, ba aikinsa ba ne ya gyara; ya ɗauke su yadda suke, ya bar wa malamin da ya san littafin ya jera hotunan daga baya.

Inda wannan na'ura ba ta dace ba shi ne littafi mai kauri wanda aka ɗinke ko aka manne bayansa da gam, kuma a nan ne nake ganin ɓarna mafi yawa a shagunan fotokwafi. Idon CIS ba ya ganin abin da ya ɗaga daga gilashi ko da kaɗan ne, don haka rubutun da ke kusa da tsakiyar littafi yakan fito dishi-dishi cikin inuwa. Mai aikin, don ya gyara haka, sai ya kife littafin ya danna bayansa da ƙarfin hannu, ɗinkin ya tsinke, gam ɗin da ya riga ya bushe ya fashe, shafuka su fara zubowa. An ceci hoto, an kashe littafi. Ga irin wannan akwai sikana da aka ƙera musamman, kamar jerin OpticBook na kamfanin Plustek, wadda gilashinta ya kai har baki, ta yadda rabin littafin zai sauka ta gefe ba tare da an buɗe shi gaba ɗaya ba. Idan babu ita, gara a kwantar da littafin a kan matashi yana kallon sama, a buɗe shi gwargwadon yadda ya yarda, a ɗauke shi da kyamara da aka kafa a kan sanda. Haka ma takardar da ta bushe har tana karyewa, da wadda tawadarta take ɓarewa, irin tawadar gawayi da ƙaro idan ta tsufa, bai kamata a kife su a gilashi ba. Sikana mai jan takarda da kanta kuwa, da ta hannu wadda ake gogawa a kan shafi, kada su kusanci tsohuwar takarda ko kaɗan.

Girman gilashin ma yana da iyaka. Yawancin waɗannan sikanoni an yi su ne don takardar A4, mai faɗin milimita 210 da tsawon 297, alhali tsofaffin takardun ofis da na kotu da na En'e da yawa a kan fulsikaf aka rubuta su, wadda tsawonta ya kai inci 13, kusan milimita 330. Sau da yawa abin da ya rage a waje shi ne ƙasan takardar, inda sa hannu da hatimi da kwanan wata suke, wato ainihin abin da ya sa takardar ta zama hujja. Maganinsa shi ne a ɗauke ta sau biyu, sama da ƙasa, a bar 'yan layuka su maimaitu a hotunan biyu domin a ga babu abin da ya ɓace a tsakani.

Wani zai ce me ya kai mu ga sayen na'ura alhali kowa yana da waya mai kyamara a aljihunsa. Waya ta fi babu, kuma idan ruwa yana shigowa gida ba wanda zai tsaya neman sikana. Amma hoton waya yakan karkace, hasken gefe ɗaya ya fi na ɗaya, inuwar hannu ta faɗa a kan rubutu, kuma ba a iya sanin ainihin girman takardar daga gare shi. Idan aka tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto kuma, manhajar tana matse shi ta rage ingancinsa, har wasula da ɗigon haruffa su narke. Sikana kuwa tana ba da haske iri ɗaya da ma'auni iri ɗaya a kowane shafi, ko da mai aikin jiya ya koya.

Game da saiti, kuskuren da ya fi yawa shi ne barin na'ura a kan abin da ta zo da shi, ko zaɓen baƙi da fari don fayil ya yi ƙanƙanta. Takardar ofis da aka buga da tafireta, ɗigo 300 a kowane inci ya ishe ta. Rubutun hannu mai ƙananan bayanai, da tsofaffin hotunan iyali, sun cancanci 400 zuwa 600. Kuma a ɗauka da launi ko da takardar ta yi kama da marar launi, domin jan tawada da ake yi wa wasali da kanun babi, da shuɗin hatimi, da bambancin tawadar marubuci na farko da ta wanda ya ƙara bayani daga baya, duk suna ɓacewa a baƙi da fari. Kwafin asali a ajiye shi a tsarin TIFF, wanda ba ya zubar da komai, sannan a fitar da JPEG ko PDF daga gare shi don rabawa. Shafin A4 mai launi a ɗigo 300 yana cin kusan megabait 26 idan ba a matse shi ba, a 600 kuma ya haura 100. Ke nan littafi mai warƙa 200, wato shafi 400, zai ci kusan gigabait 10 a ƙaramin saitin, kuma idan aka yi lissafin minti ɗaya ga kowane shafi tare da ɗauka da ajiyewa, aikin kusan sa'a bakwai ne. Na kawo wannan lissafi ne domin kada wani ya yi wa mai gida alkawarin gama adaka guda a yini ɗaya, gaggawa ta sa ya yaga abin da ya zo ceto.

Sauran ladubban aikin ba su da wuya. Hannu ya kasance a wanke kuma a bushe, ba a lasar yatsa don juya shafi, ba a ajiye shayi ko ruwa kusa. A lokacin hunturu ƙura takan zauna a gilashi ta fito a hoto tamkar ɗigon harafi, wanda a rubutun Larabci da ajami yana iya canza karatu, ƙwayar yashi kuma tana karce gilashin, saboda haka a riƙa sharewa da ƙyalle mai laushi. A cire fil da ƙarfen da ya yi tsatsa a hankali, kada a liƙa salatif a inda ya yage, kuma kada a kai takardar asali a rufe ta da roba mai zafi, domin wannan aiki ba ya warwaruwa. Idan takarda siririya ce har rubutun baya yana lekowa, a ɗora baƙar takarda a bayanta. Idan Alƙur'ani ne ko littafin da ke ɗauke da ayoyi, a yi aikin a kan tebur, da alwala, yadda mai littafin zai ga an girmama abin da yake girmamawa. Akwai kuma abin da sikana ba ta gani, wato tambarin da ke cikin jikin takarda, kamar jinjirin wata uku na takardar da aka riƙa kawowa daga Italiya ta hanyar Sahara. A ɗaga warƙa a haske a duba, a rubuta abin da aka gani, domin yana taimaka wa masana wajen kimanta shekarun littafi.

Wurin da ayyuka irin wannan suka fi mutuwa, a ganina, shi ne bayan an gama ɗauka. Hotuna dubu masu lambobin da na'ura ta raɗa musu, ba sunan littafi, ba sunan gida, ba su da amfani ga kowa bayan shekara biyu. Kowane littafi ya sami jakarsa a kwamfuta, da sunan gari da na gida da na littafin, shafuka kuma a ba su lamba 001, 002, har ƙarshe, tare da ɗan bayani kan wanda ya rubuta, wanda ya kwafa, harshen da aka yi amfani da shi, da ranar da aka ɗauka. Kada a dogara ga manhajar da ke mayar da hoto rubutu. A boko ma takan mayar da ƙ da ɗ da ɓ su koma k da d da b, a rubutun hannu na ajami kuwa ba abin dogaro ba ce, saboda haka dole a sami almajiri ko malami mai karanta warƙa ya zauna kusa da mai kwamfuta. Sannan kwafi ɗaya ba ajiya ba ne. Filash yana ɓata, kwamfuta tana lalacewa ko a sace ta. A yi kwafi uku, a kan abubuwan ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki ya kasance a wani gari ko a intanet, domin ruwan da ya ci takarda zai ci kwamfutar da ke ɗaki ɗaya da ita.

Saura batun amana, wanda ya fi duk abin da na ambata nauyi. A gidaje da yawa za ka ji labarin wani mai bincike da ya ari littafi da sunan zai kwafa ya dawo da shi, har yau shiru, kuma wannan ne ya sa ake rufe ƙofa. Sikana ta tafi-da-gidanka tana kawar da dalilin aro gaba ɗaya, amma ba ta kawar da haƙƙi. Mai takarda ne zai fara karɓar kwafi, kuma shi zai faɗi abin da za a iya nuna wa jama'a da abin da ba za a nuna ba, a rubuce, da shaidu. Akwai takardun asirin gida, da na magani, da na rikicin gado, waɗanda ba na kowa ba ne. Masu shagunan kwamfuta ma su sani cewa barin hoton katin shaida da takardun filin mutane a kwamfutar da kowa yake taɓawa ganganci ne, musamman yanzu da Nijeriya take da dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Game da littattafan zamani kuma, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare aikin marubuci har shekara 70 bayan rasuwarsa, don haka wanda ya ɗauki littafin da ke kasuwa ya watsa shi a zaurukan waya ya ci guminsa ne, ba adana tarihi ya yi ba. Ina kuma jan hankalin magidanta cewa hoto ba ya maye gurbin takardar asali a gaban kotu ko ofishin filaye kai tsaye. Yana dai taimakawa wajen neman sabon kwafi da tabbatar da lamba da kwanan wata, saboda haka kada wani ya yi sakaci da ta asali don an ɗauke ta.

Roƙona ga hukumomin tarihi da al'adu na jihohi, da majalisun masarautu, da sassan Larabci da Hausa da tarihi na jami'o'inmu, shi ne su sayi irin waɗannan na'urori, su horar da ɗalibai da matasan unguwa, su tura su gidaje tare da wakilin mai unguwa ko na limami wanda mutanen gida suka sani. Cibiyoyin da ke son faɗaɗa aikin suna iya neman tallafi daga shirin ceto takardun da ke cikin hatsari na babban ɗakin karatu na Birtaniya, wanda aka fara a 2004, kuma ƙa'idarsa ita ce takardun asali su zauna a ƙasarsu. Kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin ci gaban gari ma suna iya haɗa kuɗi su sayi guda ɗaya, su ware rana a mako da magidanta za su kawo takardun gida a ɗauka a gabansu. Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon ka aika wakilanka ga waɗannan hukumomi su tambaye su ko suna da tsarin zuwa gidajen masu rubuce-rubuce, sannan ka buga amsar tare da ofishin da magidanci zai tuntuɓa, kafin damina mai zuwa ta kama.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu,
daga Zariya.